Hayaƙin Taba a Ɗakin Mai Ciki: Haƙƙin Uwa da na Ɗan Tayi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya mahaifa ta zama masaukin farko na ɗan Adam, ya ciyar da shi a cikinta tun bai san roƙo ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da wata dattijuwa ta aiko mini a cikin ɗarin da ya wuce. Ɗiyarta tana da ciki wata shida. Mijin mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, bai rage ta da ci ko sutura ba. Sai dai yana busa sigari a cikin ɗaki da dare, ƙofa a rufe, an toshe taga da tsumma saboda hunturu. Da yarinyar ta je awo, ungozoma ta ji warin taba a zanenta, ta tambaye ta, sannan ta gaya mata cewa wannan hayaƙi yana cutar da abin da ke cikinta. Ita kuwa tana jin nauyin gaya wa mijin. Dattijuwar tana son ta sani: shin akwai zunubi a kansa, ko kuwa magana ce ta likita kawai wadda ba ta shafi addini ba?

Na ga ya dace amsar ta fito a wannan shafi, domin ɗakin nan akwai irinsa a Agye da Cadawa, akwai a Gazawa da Gangara, akwai a Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori. Matanmu masu shan sigari ƙalilan ne ƙwarai, alhamdu lillahi. Amma masu shaƙar hayaƙinsa ba tare da sun kunna ko kara ɗaya ba, Allah ne kaɗai ya san yawansu.

Saɓanin malamai a kan taba

Na san da zarar an ambaci taba a masallaci sai gardama ta tashi: wannan ya ce haramun ce, wancan ya ce makaruhi ce. Gardamar tsohuwa ce. Tun lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi, wajen shekarar 1600, malaman Malikiyya suka rabu a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta. A Masar, Ibrahim Laƙƙani ya hana, Aliyu Ajhuri kuma ya yi sauƙi. Allah ya jiƙan su gaba ɗaya. Sun yi fatawa ne da ilmin zamaninsu, lokacin ba a gano ɓarnar da take yi wa huhu da zuciya ba. Ni a nawa ganin, bayan abin da ya tabbata a yau, hani shi ne ya fi ƙarfi. Amma ba wannan ne darasinmu ba, kuma ina roƙon mai shan taba kada ya ninke takardar nan ya ajiye.

Abin lura shi ne, duk wancan saɓani a kan mutum ne da jikinsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka halatta da ya ce ya halatta ka shayar da waninka dole. Da zarar hayaƙi ya fita daga bakinka ya shiga hancin wani, mas'ala ta bar babin ci da sha ta koma babin haƙƙin bayi. A wannan babi kuwa babu saɓani. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una Hadisi da yaranmu ke haddacewa a madarasa, a kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa wajibi ne a gusar da cuta.

Yadda hayaƙi yake kaiwa ga ɗan tayi

Allah ya umurce mu da tambayar ma'abota sani a kan abin da ba mu sani ba. Ma'abota sanin jikin ɗan Adam su ne likitoci, saboda haka ga abin da suka tabbatar.

Hayaƙin sigari iri biyu ne. Akwai wanda mai sha yake zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda yake tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai a tsakanin yatsu. Wannan na biyun bai bi ta audugar gindin sigari ba, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cika ɗaki. An ƙidaya sinadarai fiye da 7,000 a hayaƙin taba, kusan 70 daga cikinsu suna kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce babu wani gwargwado na wannan hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa, kuma mutane fiye da miliyan ɗaya waɗanda ba su shan taba suna mutuwa kowace shekara a sanadinsa. Wani likita ɗan ƙasar Japan, Takeshi Hirayama, yana cikin na farko da suka tona wannan asiri. A 1981 ya fitar da sakamakon bin diddigin matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba su shan taba, ya samu cewa matan mashaya sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. Ku duba, ya ƴan uwa, a ɗakin aure aka fara gano abin.

To, ɗan tayi ba ya numfashi da hancinsa. Uwarsa ce ke shaƙar iska, iskar ta shiga jininta, jinin ya je mabiyiya, daga nan ta cibiya ya samu rabonsa na iska da abinci. Abubuwa biyu a cikin hayaƙin taba suna tare wannan hanya. Na farko nikotin, wanda yake tsuke jijiyoyin jini, sai abin da ke isa ga yaro ya ragu, kamar lambun da aka danne wa bakin kwalbati. Na biyu wata iska mai guba, marar launi marar wari, irin wadda ke fita daga garwashin gawayi, wadda kan sumar da mutanen da suka kwana da kasko a rufaffen ɗaki. Wannan iska tana maƙale wa jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu, ta hana shi ɗaukar ta kirki. Jinin ɗan tayi ya fi na babba riƙe ta, kuma ya fi daɗewa bai rabu da ita ba. An sha gwada jinin cibiya da gashin jariran da iyayensu mata ba su taɓa shan taba ba, aka samu alamar nikotin a ciki.

Sakamakon haka shi ne yaro ya zo da ƙarancin nauyi, ko ya zo bakwaini, ko ya zo babu rai. Likitoci suna lissafa duk jaririn da bai kai giram 2,500 ba a cikin masu rauni, kuma mu da ke ƙauye mun san yadda irin wannan jariri yake fama da zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari. A 2011 masu bincike a jami'ar Nottingham ta Ingila sun tattara nazarce-nazarce da yawa, suka samu cewa mai cikin da ke zaune a hayaƙin taba, haɗarin ta haifi gawa yana ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari, haɗarin naƙasar halitta kuma da kashi 13. Bayan haihuwa ma ba a tsira ba: jaririn da ke kwana a hayaƙi ya fi fuskantar fuka da ciwon kunne da ciwon huhu, da mutuwar fuju'a a cikin barci.

Ba na son in ƙara gishiri. Ba kowane ɓari ba ne taba ta kawo shi, kuma zazzaɓin sauro da ƙarancin jini da aikin wahala suna yi wa matanmu ɓarna mai yawa. Amma sauro ba kai ka saye shi da kuɗinka ka kawo ɗaki ba.

Abin da littattafanmu suka ce

A nan nake son mu ɗan daɗe, domin da yawa suna zaton Shari'a ba ta san ɗan tayi ba sai ya faɗo ya yi kuka.

Allah (SWT) ya ambaci wahalar mai ciki a Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15, ya sanya ta dalilin girman haƙƙin uwa. Saboda ɗan tayi aka sauƙaƙa mata azumin Ramadan, wanda yake rukuni ne na addini. Saboda shi Manzon Allah (SAW) ya jinkirta haddi ga matar nan Bagamidiya har ta haihu ta yaye, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6, Allah ya umurci miji ya zaunar da matar da ya saka a inda yake zaune, ya hana shi cutar da ita don ya ƙuntata mata, ya kuma ɗora masa ciyar da ita in tana da ciki har ta sauka. Wannan fa wadda aka saka ce. Ina ga wadda take cikin igiyar aurenka, tana girka maka, tana ɗauke da ɗanka?

Sannan Shari'a ta sanya wa ɗan tayi diyya tasa, wadda ake kira gurra. Asalinta hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke a kan mata biyu ƴan ƙabilar Huzailu, da ɗaya ta jefi ɗaya cikinta ya zube. Duk wanda ya karanta Risala ya san ƙimarta: dinari 50 ko dirhami 600, wato ushurin diyyar uwa.

Ga kuma inda na fi son ku saurara. Masu sharhin Muhtasar Halil, Shehu Dardir da Shehu Dasuƙi, da suka zo lissafa abubuwan da ke zubar da ciki har gurra ta wajaba, sun ambaci duka, sun ambaci tsoratarwa, sannan suka ambaci shaƙar wari. Sun ba da misali da mai cikin da ta ji ƙamshin abin da maƙwabta ke soyawa. Suka ce in ta roƙa suka hana ta, har cikin ya zube saboda haka, to akwai lamuni a kansu. In kuma ita ce ta yi shiru ba ta roƙa ba, su kuma ba su san tana da ciki ba, to sakacin nata ne. Lokacin da muka karanta wannan wuri a gaban malaminmu, Allah ya jiƙansa, mun yi murmushi, domin mun tuna iyayenmu mata da ke cewa a ɗiba a kai wa wance, tana da juna biyu, kada ƙamshi ya dame ta. Ashe al'adar tana da gindi a littafi.

Yanzu ku auna. Dasuƙi ya rasu a 1815, bai ga na'urar duba ciki ba, bai san nikotin ba. Duk da haka ya ɗora wa maƙwabci nauyi a kan ƙamshin kifin da ya tsallaka katanga. Me kuke zaton zai ce ga miji mai cika ɗakin matarsa da hayaƙin da likitocin duniya suka haɗu a kan cutarwarsa, kullum dare, wata tara?

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce duk mai shan tabar da matarsa ta yi ɓari ya biya gurra ba. Wannan hukunci ne na alƙali, sai da hujja, kuma da wuya a tabbatar da sanadi guda a kan ciki guda. Ban kuma yarda wani ya ɗauki wannan takarda ya je yana yi wa mai jimamin rasa ɗa gori ba. Wanda bai sani ba a da, Allah mai gafara ne. Abin da nake cewa shi ne, bayan sani, wanda ya ci gaba ya yi zunubi, ko cikin ya tsira ko bai tsira ba, domin ya jefa rai biyu da aka ba shi amana a cikin haɗari saboda sha'awar da zai iya biya a waje.

Mu limamai mun san wani abu da ba kowa ya sani ba. Sau da yawa ana buga mana ƙofa kafin asuba, a ce an haihu amma bai zo da rai ba. A mazhabarmu wanda bai yi kuka ba, ba a yi masa salla. Sai a naɗe shi a ƙyalle, mutum uku ko huɗu su kai shi, a dawo kafin rana ta fito, ba suna, ba rago, ba zaman makoki. Gari ya waye kamar ba a yi komai ba. Uwar ce kaɗai take kwance da nono cike, babu mai sha.

Uzurorin da nake ji

Wani zai ce: ubana ya sha taba shekara arba'in, ya haifi goma sha biyu duk lafiya lau. Na yarda. Haka nan ba kowa sauro ya ciza yake kwantawa ba, amma ba mu fasa ɗaura gidan sauro ba. Wani kuma zai ce rai da ajali na Allah ne. Wannan gaskiya ce da babu mai musun ta sai kafiri. Amma Sayyidina Umar (RA) ya fi mu imani da ƙaddara, kuma da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da mutanensa, ya bayyana musu cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar Allah. Wanda bai kai taki gona ba, ba ya cewa ƙaddara ce ta hana shi cika rumbu.

Akwai mai cewa yana buɗe taga, ko yana juya fuska wajen ƙofa. Tagar ɗakunanmu nawa take? Hayaƙi yana zama a iskar ɗaki awoyi bayan an kashe kara, kuma yana kama katifa da labule da gidan sauro da tufafi. Abin da ungozoma ta sansana a zanen yarinyar nan ke nan. Buɗe taga ba ta isa, fanka ma ba ta isa.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na hayaƙin murhu. Suna cewa: matar da take wuni a madafa da itace da kara da kashin shanu, ɗan hayaƙin sigari ne zai dame ta? Lalle hayaƙin itace ma yana cutar da mai ciki, kuma an danganta shi da ƙarancin nauyin jarirai. To wannan hujja ce a kanka. Wadda ta wuni a hayaƙi don ta ciyar da kai, ita ce ta fi cancanta ta kwana a iska mai kyau. Kuma yana daga kyautatawa a yi mata girki a fili ko a rumfa mai iska, a sama mata busasshen itace, abokiyar zama ko ƙanwa ta karɓe ta in cikin ya tsufa, kuma kada a shiga da kaskon gawayi ɗakin kwana, na jin ɗumi ne ko na shayi.

Doka da iyakarta

Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, kuma a ranar 15 ga Mayu 2006 aka kafa dokar da ta hana shan taba a wuraren jama'a, kamar asibiti da makaranta da motocin haya. Doka ce mai kyau. A ƙasashen da aka tsananta irinta, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna haihuwar bakwaini ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Saboda haka direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ya cika mota da mata masu zuwa kasuwa ko awo, sannan ya kunna sigari, ya saɓa wa doka kuma ya ci haƙƙin fasinja. Duk namijin da ke cikin motar ya kamata ya yi masa magana da lalama, domin mata ba za su yi ba. Amma jandarma ba ya shiga turaka. A can babu mai tsaro sai tsoron Allah.

Ga maigida

Mafi alheri ka bari gaba ɗaya. Kai da kake kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana kwana 29 ko 30, kada ka ce ba ka iyawa. Kwanakin farko ne masu tsanani, bayan mako uku ko huɗu ƙaiƙayin yana raguwa. In mun ɗauka kara ɗaya dala biyar ne, mai shan goma a yini yana ƙona jika bakwai da rabi a wata. Ka lissafa ƙwai da hanta da zogale nawa wannan zai saya wa mai ƙarancin jini.

In ba ka kai ga bari ba tukuna, to ka fitar da ita daga ɗaki da zaure da tsakar gida, kuma kada ka tsaya a ƙarƙashin taga. Ka wanke hannu da baki, ka cire rigar kafin ka shiga. Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da masu salla, alhali albasa halal ce, kuma zaman sahu minti goma ne. Kada kuma ka ce za ka yi haƙuri har ta haihu. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar fiye da yara 7 a tsaka-tsaki. Gidan Bahaushe da wuya ya rasa mai ciki ko mai goyo, in ba uwargida ba amarya, in ba amarya ba matar ɗa. Baƙonka ma ka gaya masa. Samarin da ke kafa fada a ƙofar gida da shayi da shisha su ja nesa, domin ruwan da ke cikin tulun shisha ba ya tace guba, ga kuma gawayin da ke kansa.

Ga ƴar uwa mai ciki

Ki tuna maganar Dasuƙi: shiru ma yana iya zama sakaci. Kunya ado ce, amma ba a kunya a kan ran ɗa. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi, ki gaya masa abin da aka ce a wurin awo, ki roƙe shi ya raka ki wata mai zuwa ya ji da kunnensa. In ya kunna, ki fita tsakar gida, wannan ba rashin biyayya ba ne. In kuwa suruki ne ko wan miji wanda ba ki iya ɗaga ido a gabansa, ki gaya wa uwar miji ko waliyyinki, ko ki aiko mana. Iyayenmu mata masu sa taba gari a baki ko goga fure, su sani nikotin ɗin ɗaya ne, kada a koya wa mai ciki.

Ita kuwa dattijuwa mai tambaya, na gaya mata kada ta tunkari surukinta da kanta, domin tsakaninsu akwai kunya, kuma abin zai iya komawa kan ɗiyar. Na same shi ni kaɗai bayan sallar isha'i, na karanta masa wurin nan na sharhin Muhtasar. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko abin da ya riga ya wuce zai shafi yaron. Na ce masa wannan sai likita, ya kai ta a duba, ya kuma yi istigfari. Har yanzu bai bar taba ba. Amma maƙwabtansa sun ce a sauran darare na hunturun suna ganinsa a bakin titi, lulluɓe da bargo, shi kaɗai.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya mana zuriya a kan Musulunci. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.